Idan Hanya Ta Sauya, Ina Makomar Masu Yi Mana Aiki?

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta, a Maraɗi

Allah Ya jiƙan waɗanda muka yi taron bara da su, yau kuma ba su cikinmu.

Ma'aji ya riga ya karanta lissafin shekara, ba za mu maimaita ba. Mu da ke zaune a ofis an ce mu faɗi abin da muke gani. A da, abin da ya fi kawo mutane wurinmu shi ne kayan da aka tsare a duwan, ko motar da ta yi kwanaki a shinge. A ƴan shekarun nan, abin da ya fi kawo su shi ne rabuwa tsakanin ubangida da yaronsa. Gida ya rage ciniki, ko ya sauya kaya, ko ya rufe sito, sai a ce wa mutum ya nemi wani wurin. A kan wannan za mu yi magana yau, kuma a ƙarshe muna da shawara uku da za mu ajiye gaban taro.

Bari mu fara da tuna wa juna abin da ya same mu, domin kowace doka da aka sa a Abuja ko a Yamai akwai wanda take rabawa da abincinsa a nan. A 2016 Najeriya ta hana shigar da shinkafa ta iyakokin tudu. A Janairun 2017 ta ƙara da motoci. Gidajen da cinikinsu shi ne sauko da kaya daga Kwatano, a biyo da su ta Gaya da Doso da Ƙonni zuwa nan, sannan a ƙetara da su, sun ga babban ɓangaren aikinsu ya tafi. A Agustan 2019 aka rufe iyakar baki ɗaya, a Nuwamba kuma aka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma mu masu bin Jibiya sai da muka jira har Afrilun 2022.

Ba mu gama miƙewa ba, sai ga 2023. A farkonta sauya takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwannin Najeriya. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, ƴan ruwa-ruwa suka wayi gari ribar da suke ci ta ƙafe. Bayan sauyin mulkin 26 ga Yuli CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufewa har Maris na 2024. Ko da aka buɗe wannan ɓangaren, gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe, kayan teku suka koma Lome, ana ratso Burkina da su cikin ayari da rakiyar sojoji, mota tana cin makonni a jiran tashin ayari. A Oktoban 2024 aka hana fitar da hatsi daga Nijar sai zuwa Mali da Burkina. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO.

Akwai kuma sauyin da ba a shelanta shi a rediyo ba. A da kowane babban gida yana da amintaccen yaro da ke ɗaukar kuɗi a jiki daga wannan kasuwa zuwa waccan. Yau ana turawa ta Nita ko Amana a nan, ta banki ko POS a can. A da mai cika takardun duwan yana da yara masu yawo da fayil daga tebur zuwa tebur. Yau ana shigar da bayanin kaya cikin kwamfuta ta tsarin SYDONIA, mutum ɗaya yana yin aikin da mutane da yawa suke yi.

Idan irin wannan ta faru, alhaji ko hajiya sukan sami dabara. Mai shinkafa ya koma siminti ko taki, mai motoci ya koma aya da riɗi, mai sito uku ya haɗe su wuri guda. Wannan daidai ne, kuma da ba a yi haka ba da gidajen sun mutu. Amma a bayan kowane gida akwai mutanen da sunansu ba ya cikin littafin ƙungiya: yaran shago, direbobi da yaran mota, ƴan dako, ma'auna, masu ɗinkin buhu, masu gadi, da matan da ke dafa musu abinci a bakin tasha. Idan tirela ɗaya ta daina zuwa, dukansu sai sun ji a tukunyarsu.

Ƙorafin da suke kawo mana bai wuce iri uku ba. Na farko, a faɗa wa mutum da safe cewa aiki ya ƙare yau, bayan ya yi shekaru a gidan. Na biyu, kuɗin ajiya. Yaro ya ce yana da kaza a hannun ubangidansa, ubangida ya ce ai an cire na ɗaurin aure da na asibiti da na ragon suna, kuma ba wanda ya rubuta komai. Na uku, mutum ya je neman aiki wani gari a tambaye shi wa ya san shi, ba shi da abin nunawa. Sau da yawa idan muka zaunar da su biyun, sai mu tarar ba mai niyyar cutar wani. Ubangidan kunya ce ta hana shi faɗin cewa ciniki ya karye, yaron kuma nauyi ne ya hana shi tambayar lissafinsa, har ranar da aka rabu baram-baram.

Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi mu sanin cewa wannan ba shi ne karo na farko ba. Kakanninmu fatake ne masu ayarin jakuna zuwa Gwanja neman goro. Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Legas da Kano a 1912, ayari ya ja baya, mutane suka koma sayen gyaɗa. Arzikin Maraɗi da gyaɗa aka gina shi, har fari na 1973 da 1974 ya karya ta, alhazan garin nan suka juya ga ratsa kaya zuwa Najeriya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, wasu gidaje suka faɗi, wasu suka tashi. Kowane lokaci kaya sun sauya, hanya ta sauya. Abin da mutane suka tsallake da shi abu biyu ne: abin da suka iya, da shaidar da jama'a ke yi musu ta riƙon amana. Duk maganarmu ta yau a kan yadda za a tsare wa mutum waɗannan biyun take.

To, ƴan'uwa matasa da aka sallama, ko kuke jin ƙishin-ƙishin za a sallame ku, ku saurare mu. Yaro yakan zo ofis ya ce: ni shinkafa kawai na sani. Sai mu ce masa ya zauna mu lissafa. Ka iya ƙirga buhu ɗari shida a tirela ba tare da ɗaya ya ɓace ba. Ka iya juya naira zuwa sefa da ka, kafin mai waya ya gama latsawa. Ka san wane dillali ne a Dawanau ke biya a kan lokaci, wane ne sai an bi shi gida. Ka san yadda ake magana da jami'i a shinge ba tare da ka fusata shi ba. Ka san ranar cin kowace kasuwa daga nan har Mai'aduwa. Wannan ilimi bai bi shinkafa ya tafi ba. Mai albasar Galmi yana neman mai irinsa, haka mai tattasai, haka mai dabbobi. Idan ka je neman aiki, abin da za ka faɗa ke nan, kada ka tsaya ga cewa kai yaron wane ne.

Sannan ku kula da abu huɗu. Na ɗaya, kuɗin sallama jari ne. Kada a yi biki da su, kada a sayi babbar waya. Mai babur ko amalanke ko sikeli kada ya sayar da shi don cin wata biyu, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na biyu, kada girman kai ya hana ku karɓar aikin da bai kai na da ba. Direban tirela da ya koma jan ƙaramar mota tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa yana nan a idon mutane, ranar da aka nemi direba shi za a tuna. Wanda ya zauna gida yana jiran irin kujerar da ya bari, an manta da shi. Na uku, ku ƙaro wani abu a kan abin da kuka iya. Mai karatun boko ko da kaɗan ne ya koyi kwamfuta. Wanda ya iya lissafi ya koyi riƙe littafin shago da aikin tura kuɗi. Yaron mota ya nemi lasisinsa. Na huɗu, ku gaya wa iyalinku gaskiya tun da wuri. Matar da ta san halin da ake ciki takan rage cefane, ta taimaka da sana'arta ta cikin gida. Wadda aka ɓoye wa, sai ranar da mai gidan haya ya buga ƙofa take sani.

Akwai hanyoyi biyu da ke jan matasanmu idan aiki ya tsaya, kuma dole mu faɗe su a fili. Ta farko ita ce ɗaukar kaya a babur cikin dare ta ɓarauniyar hanya. Kuɗin yana da sauri, amma kun san abin da ke cikin dazukan da ke tsakanin Madarumfa da Jibiya, kun kuma san idan aka kama kaya mai su yana gida, yaron ne ke hannu. Ta biyu ita ce ramin zinariya, ko Jado ko nan kusa. Ba mu manta da Nuwambar 2021 ba, lokacin da rami ya rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ba mu hana kowa neman halalinsa ba. Muna roƙo dai, kafin mutum ya yanke wannan shawara, ya biyo ta ofis mu duba ko akwai wani gidan da ke neman irinsa.

Yanzu kuma iyayen gida, alhazai da hajiyoyi, ku yi mana afuwa, mu ƴaƴanku ne, amma kujerar da kuka ɗora mu a kai ta sa dole mu faɗa. Ɗan kasuwa yakan hango karyewar ciniki watanni kafin yaransa su gane. Idan kun hango, ku tara su ku gaya musu. Wanda aka ba wata guda ya nemi wuri yakan tafi yana sa albarka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta tsara wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta wajabta ba ma'aikaci takardar shaidar aiki ranar da ya bar wuri. Mun san yawancin yaranmu ba da kwantaragi aka ɗauke su ba, uba ne ya kawo ɗansa ya ce ga amana. To, wanda aka karɓa da amana bai kamata ya samu ƙasa da abin da doka ta ba baƙo ba.

Kafin a kai ga sallama, akwai matakan da wasu gidaje suka gwada suka ga amfaninsu. Ana iya raba kwanakin aiki tsakanin yara, kowa ya samu wani abu. Ana iya ba da aron yaro ga wani ɗan ƙungiya na tsawon kaka, lokacin da masu aya da riɗi ke neman hannu. Ana iya ba wanda ya daɗe kaya bashi ya buɗe teburinsa, ya zama abokin ciniki. Wannan ita ce al'adar da muka gada, yaro ya yi wa ubangida hidima, ubangida ya ɗora shi a kan jari. Da yawa daga cikin manyan da ke zaune a sahun gaba haka aka ɗora su.

Sai maganar kuɗin ajiya, wadda ta fi kowace zafi a wurinmu mu masu cin kasuwa da kuɗi iri biyu. A ce yaro ya ajiye naira dubu 500 a hannun ubangidansa a farkon 2023. A lissafin ƴan canji na lokacin, kuɗin sun kai wajen jika 400 na sefa. A 2024, da jika guda ta haura naira dubu biyu, kuɗin nan sun dawo wajen jika 200. Ranar rabuwa ubangida ya miƙa naira dubu 500 cif, yana ganin ya cika alkawari. Yaron, wanda iyalinsa ke Maraɗi kuma da sefa yake awo, yana ganin an cinye masa rabi. Kowannensu yana da hujja, kuma ba alƙalin da zai raba su kowa ya gamsu. Maganin abin layi ɗaya ne a takarda tun ranar ajiya: nawa ne, kuma da wane kuɗi za a mayar.

Ga shawarwarin da muke roƙon taro ya duba.

Ta farko, takardar rabuwa. Duk ɗan ƙungiya da zai sallami wanda ya yi masa aiki shekara guda ko fiye, ya ba shi wa'adin wata ɗaya ko kuɗin wata ɗaya. Su zo ofis su biyu, ko su kira magatakarda, a rubuta abin da ke tsakaninsu, na ajiya da na bashi, da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Ba za a karɓi ko dala ba a kan wannan aiki.

Ta biyu, littafin masu neman aiki. Wanda aka sallama lafiya za a ba shi takarda mai hatimin ƙungiya, da Hausa da Faransanci da Turanci, mai nuna aikin da ya yi da shekarun da ya yi. Za a sa sunansa da abin da ya iya a littafi guda, kwafi ɗaya a nan, ɗaya a hannun wakilanmu na Katsina da Kano. Duk ɗan ƙungiya mai neman direba ko yaron shago ko mai gadi ya fara duba littafin kafin ya ɗauko na waje.

Ta uku, asusun tsayawar aiki, dabam da asusun rasuwa da gobara. Kowane gida ya riƙa zuba wani abu duk wata gwargwadon yawan yaransa, yaran su ma su zuba nasu kaɗan. Ranar da iyaka ta rufe ko gida ya sallami mutane, a ba wanda abin ya shafa abin awo na wata biyu ko uku, ko a biya masa kuɗin koyon sana'a. Nawa za a zuba, da wa zai riƙe, wannan na taro ne. Abin da muke roƙo kawai shi ne a ajiye shi kashi biyu, naira da sefa, kuma a karanta lissafinsa duk shekara kamar yadda ma'aji ya yi yau.

Mun riga mun ji abin da wasu iyayenmu ke cewa, kuma maganarsu tana da nauyi. Sun ce tsakanin uba da ɗa ba a sa takarda, rubutu alamar rashin yarda ne. Amsarmu ita ce, ba mai ba da kayan miliyan bashi a Kantin Kwari ba tare da ya rubuta ba, ko da ƙaninsa ne ya ɗauka, kuma zumunci bai ɓaci ba. Takardar nan tana kare ubangida kamar yadda take kare yaro, domin mun ga gidajen da magada suka gaji rigimar ajiyar da ba su san da ita ba. Wasu kuma sun ce ciniki ya yi ƙasa, ba lokacin ƙara wa mutane kuɗin zubi ba ne. Gaskiya ne ciniki ya yi ƙasa. Amma iyaka a buɗe take yau, motoci suna wucewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani sauyin ma yana tafe. Tun Fabrairun 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki, kayan da tireloli da yawa ke ɗauka jirgi ɗaya zai kwashe. Wasu direbobin za su rasa sawu. A gefe guda za a nemi masu sito kusa da tasha, da ƴan dako, da masu ƙananan motocin rarraba kaya, da masu iya takardu. Wannan karon an gaya mana tun shekaru kafin abin ya zo. Idan littafinmu da asusunmu suna nan kafin ranar, za mu san wa za mu tura ina.

Bayan sallar la'asar shugaba zai buɗe fili a tattauna shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙon wakilan direbobi da na ƴan dako da aka gayyato su matso gaba a ji ta bakinsu, tunda maganar tasu ce. Wanda yake da gyara ya kawo, mu masu rubutawa ne, abin da taro ya tsayar shi za mu shigar a littafi.

Inda muka yi kaushin harshe a yafe mana. Allah Ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya, Ya buɗa mana kasuwa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.